Tambayoyin Masu Karatu: Kafin Ka Yanke Wa Famfon Man Babur Hukunci

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: babur ya ƙi tashi, ko yana shaƙewa a hanya, kuma an ce famfon mai ne. Mun zaɓi guda shida. Famfo na cikin kayan babur da aka fi cirewa a yar alhali ba su da laifi, don haka yawancin amsoshinmu a kan gwaji za su tsaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Babur ɗina mai injekta ne. A da, da zarar na murɗa makulli ina jin wani ɗan "zuuu" daga cikin tanki, yanzu shiru kake ji. Sitata na juya inji amma ba ya kamawa. An ce in sayi sabon famfo. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Ƙarar da ka saba ji famfo ne ke cika layin mai na sakan 2 zuwa 3, daga nan ƙwaƙwalwar babur, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, ta kashe shi har sai ta ji inji ya fara juyawa. Idan ƙarar ta ɓace, ɗayan biyu ne: ko wuta ba ta isa wurin famfo, ko ta isa shi ne ya ƙi juyawa. Na farkon ya fi yawa, kuma gyaransa ya fi sauƙi.

Fara da jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama. A wasu babura, ko yana kashe sitata za ta juya, amma famfo da filogi ba za su samu wuta ba. Kunna shi ka kashe sau da yawa, domin datti kan taru a cikinsa. Sai batir: cikakke yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka idan inji na kashe. Idan ya faɗi ƙasa da bolt 10 lokacin da kake danna sitata, ka caja shi kafin ka zargi kowa.

Daga nan ka buɗe akwatin fiyus. Na famfo yawanci na amp 10 ne ko 15, kuma an rubuta a jikin murfin. Kada ka yarda da ido kaɗai, auna shi da mitar awon wutar lantarki, don wani yakan tsinke a inda ba a gani. Idan ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko famfon ya cije yana jan wuta fiye da kima. Kada ka sa fiyus da ya fi na asali girma, kada kuma ka naɗa zaren waya a madadinsa. Wayar nan cikin tankin fetur ta nufa.

Fiyus lafiya? To, ɗora yatsa a kan rile na famfo, wato ɗan makunnin lantarki da ke haɗa masa wuta, wani ya murɗa makulli. Ya kamata ka ji "ƙas" ya kama, bayan sakan biyu ka ji ya saki. Yin ƙara ba shaidar lafiya ba ce, domin bakin da ke haɗa wuta a ciki na iya ƙonewa. Hanya mafi sauri ita ce ka musanya shi da wani rile iri ɗaya da ke jikin babur ɗin, ka ga ko famfo zai farka. Idan kuwa rile ba ya motsi sam ko bayan an musanya shi, ba a ba shi umarni ba ne. A nan sai a duba na'urar da ke yanke mai idan babur ya faɗi. Takan kwance daga mazauninta, ko a mayar da ita a juye bayan wani gyara, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka babur na kwance a ƙasa. Makullin da ke da lambar tsaro ma, idan ƙwaƙwalwa ba ta gane shi ba, takan hana inji tashi.

Gwajin da zai raba gardama shi ne na soket ɗin famfo, a ƙarƙashin tanki. Sau da yawa wayoyi huɗu ne: biyu masu kauri na famfo, biyu sirara na gejin mai. Sa mita a kan masu kaurin, a murɗa makulli, ka duba a cikin sakan 2 ɗin nan kafin wuta ta ɗauke. Amma akwai tarko a nan. Wayar da ta ruɓe, saura zare ɗaya ko biyu, za ta nuna bolt 12 cif a mita idan soket na cire, amma da an ɗora mata nauyi sai ta kasa. Saboda haka ka auna soket na haɗe, ta bayansa, ko ka jona ƙwan sigina mai wat 21 a gurbin famfo. Ƙwai ya haska tar, wuta lafiya. Ya yi ja-ja ko ya ƙi kamawa, bi waya. Bambancin wutar batir da wadda ta isa famfo bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Kada ka manta da wayar bodi, wadda ake ɗaurewa a jikin firam. Tsatsa a ƙarƙashin notinta kaɗai ta isa ta kwantar da famfo mai lafiya.

Sai idan wuta ta isa cikakkiya kuma famfo ya yi shiru za a ce nasa ne. Ko a nan, ɗan bubbuga ƙasan tanki da ƙotar sukurudireba yayin da ake murɗa makulli. Idan ya tashi, gawayin da ke cikin motarsa ya cinye ko kuma danƙon tsohon mai ya riƙe shi. Wannan zai iya kai ka gida, amma ba gyara ba ne, canji ya zo.

Tambaya: Nawa yana tashi lafiya, silo ma ba matsala. Amma da na murɗa totur sosai, ko na fara hawa tudu da kaya, sai ya riƙa shaƙewa kamar mai ya ƙare, wani lokaci salansa na ɗan harbi. Famfo kuma yana ƙararsa yadda ya saba.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙarar famfo na nuna motarsa na juyawa ne kawai, ba ta gaya maka yawan man da yake turawa. A silo inji ɗan mai kaɗan yake sha, ko famfo mai rauni zai ciyar da shi. Da an buɗe totur buƙata ta ninka, sai gazawar ta fito. Cire filogi ka duba bakinsa. Idan fari ne fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa, iska ta fi mai yawa, kuma ci gaba da hawa a haka na zafafa inji har ya kai ga lalata bawul ko fistin.

Abu biyu ake aunawa: matsi da yawa. Injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai, ba ta auna mai da kanta, buɗewa kawai take yi na ɗan lokacin da ƙwaƙwalwa ta ƙayyade, bisa zaton matsin yana daidai. A yawancin babura masu injekta matsin yana kusa da bar 3, wato kusan psi 43, wasu su ɗan haura, wasu su ɗan gaza. Ainihin adadin naka yana cikin littafin gyaran babur ɗin, kuma shi za ka bi.

Kafin ka cire tiyo, sauke matsin da ke cikinsa: zare soket ɗin famfo, tayar da inji ka bar shi ya mutu da kansa, sannan ka cire kan batir mai alamar ragi. Naɗe mahaɗar da tsumma lokacin cirewa, don ragowar mai kan yi tsartuwa. Jona gejin matsi a tsakanin famfo da injekta da mahaɗa mai baki uku, ka mayar da komai, ka tayar. Duba allura a silo, sannan ka fizgi totur. Idan famfo na da lafiya, allurar geji kusan ba ta motsawa. Idan ta faɗi sosai duk lokacin da ka fizga, mai ba ya isa.

Na biyu, gwajin yawa. Sa bakin tiyo a cikin mazubi mai awo, a ba famfo wuta na sakan 10 daidai, ka kwatanta abin da ya zubo da mafi ƙarancin da littafi ya faɗa. Yi wannan a fili, inji a sanyi, babu sigari, babu wuta, babu mai walda a kusa. Idan kai tsaye daga batir za ka ba shi wuta, sa fiyus a kan wayar, ka fara jona ɓangaren famfo, ka taɓa batir a ƙarshe, kuma batir ɗin ya yi nesa da tanki, domin tartsatsi a wurin haɗawa na ƙarshe yake tashi. Kada wayar ta kuskure zuwa sirarrun wayoyin geji, bolt 12 kai tsaye na iya ƙona shi.

Idan awo ya gaza, har yanzu ba a kama famfo da laifi ba. Fito da shi ka dubi matatar da ke bakinsa na ƙasa, 'yar jaka ce mai kama da raga. Sabuwa fara ce ko ruwan madara. Wadda ta sha aiki za ka gan ta ja-ja ko baƙa, idan ka matsa ta da yatsa laka mai laushi na fitowa. Ita ce sanadin wannan shaƙewar sau da yawa, kuma canza ta ya fi wanke ta, domin dattin da ya shige cikin saƙarta ba ya fita duka. Bayan ta akwai babbar matata ta ɓangaren matsi, wadda a wasu babura a manne take cikin gidan famfo. Sai na'urar daidaita matsi: idan sifirin ɗinta ya saki ko robarta ta tsage, mai zai riƙa komawa tanki tun kafin matsi ya kai. Ka kuma dubi ɗan gajeren tiyon da ke cikin tanki da robar zobe da ke wuyan famfo. Tsaga ƙarama a nan na zubar da matsi a cikin tanki, inda babu mai gani. Idan duk waɗannan lafiya, wuta ma cikakkiya, matsi kuma bai kai ba, to famfon ya gaji.

Tambaya: Idan na yi tafiyar minti 20 ko 30 sai babur ya mutu. In na jira kaɗan sai ya tashi, ya sake yin haka a gaba. Me ke jawo wannan?

Amsa: Da ya mutu, kafin ka taɓa komai, kara kunne ka buɗe murfin tanki. Idan ka ji ya zuƙi iska "fuuu", kuma babur ya tashi nan take, hanyar shaƙar iskar tanki ce ta toshe. Mai na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har tankin ya riƙe man. Duba ɗan ramin da ke murfi da siririn tiyon da ya sauka ƙasa, wanda kan lanƙwashe idan an mayar da tanki ba da kula ba, ko laka ta toshe bakinsa.

Idan ba haka ba, kashe makulli ka sake kunnawa, ka saurari famfo. Shiru, ko ƙara mai jan ƙafa da ta bambanta da ta safe, na nuna famfo ko rile ne ke gazawa idan sun ɗauki zafi. Idan kuwa famfo ya yi ƙararsa garau, cire filogi ka duba wuta tun inji na da zafi. Kwayil da na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa juyin inji su ma haka suke yi, su ɗauke da zafi su dawo da sanyi, kuma an sha canza famfo saboda laifinsu.

Tambaya: Ƙaramin babur ne da ni mai kafireta, kullum mai na yankewa. Wani ya ce famfon mai ne, amma na duba ban ga famfo ba.

Amsa: Ba ka gan shi ba ne don wataƙila babu shi. A yawancin ƙananan babura masu kafireta tanki na sama, kafireta na ƙasa, mai da kansa yake gangarowa. Zare tiyo daga kafireta, sa bakinsa a kwalba, ka buɗe makunnin mai. Ya kamata ya zubo a miƙe ba yankewa. Idan ɗigo yake yi a ON amma ya zubo a RES, wato man ajiya, ko mai ya yi ƙasa ko ragar dogon bututun makunnin da ke cikin tanki ta toshe. Idan duka biyun ɗigo ne, kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin, za ka tarar da tsatsa da ruwa.

Wasu makunnan da tsotson inji suke buɗewa. Za ka gane su da siririn tiyo na biyu da ya tafi wuyan kafireta. Irin wannan ba ya sakin mai sai inji na juyawa, don haka tsaga a siririn tiyon na yanke mai gaba ɗaya. Babura masu tanki a ƙarƙashin ƙafa ko kujera kuwa, wasunsu na da ƙaramin famfo marar waya, wanda bugun iskar inji ke kaɗa robar cikinsa. Idan ka ga fetur a cikin tiyon iskar, robar ta huje, sai a canza ta ko famfon duka.

Tambaya: Babban babur ne tsoho, mai kafireta biyu, kuma yana da famfon lantarki a waje da tanki. Da yana yin "ƙas-ƙas-ƙas", yanzu sai na buga shi yake yi.

Amsa: Irin wannan famfon yana jikin babura kamar Yamaha Virago 535, wasu nau'o'in Honda Shadow da tsohuwar Africa Twin 750. Matsinsa ƙarami ne, bai kai rabin bar ba, aikinsa kawai ya cika kofin kafireta. Shi ya sa yake bugawa da sauri da farko, ya rage, ya tsaya idan kofi ya cika. Tsayawar nan ba lalacewa ba ce.

Ciwonsa sananne ne. A ƙarƙashin murfin bayansa akwai wasu 'yan bakuna biyu na ƙarfe da ke haɗuwa su rabu a kowane bugu, kuma tartsatsi na cinye su a hankali. Kwance murfin za ka gan su sun yi baƙi, sun rarake. Goge su da lallausar takardar yashi na iya ba su 'yan kwanaki, amma ana sayar da su daban, kuma canza su ya fi sayen famfo sauƙi. Idan dole sai an canza famfon, a nemi mai ƙaramin matsi irinsa. Famfon injekta zai fi ƙarfin allurar kafireta, wadda ke tsayar da mai idan kofi ya cika, mai ya yi ta ambaliya ta tiyon ƙasa, har ya gangara cikin inji ya tsinka baƙin mai. Idan kuma famfon ba ya daina bugawa ko da inji na kashe, ko dai allurar kafireta ba ta rufewa, ko yana zuƙar iska ta wani tiyo da ya saki.

Tambaya: Ranku ya daɗe, famfo biyu na canza a cikin shekara guda, ga na ukun ya fara kuka. Jabu ake sayar mini, ko kuwa?

Amsa: Jabu na nan, ba mu musa ba. Amma famfo uku a jere, sai mu ce abin da ya kashe na farko yana nan a cikin tanki ko a jikin waya, ba a taɓa shi ba.

Haska fitilar hannu a cikin tanki, ba ashana ba. Idan ka ga ɗigo-ɗigon ja a bango ko gari a ƙasa, tsatsa ce, kuma ita ce ke toshe matata, famfo ya yi ta ja da ƙyar har ya ƙone, ƙananan ɓarɓashin kuma su shige su goge cikinsa. Dole a sauke tanki, a zubar da man, a cire famfo da geji, a wanke da maganin cire tsatsa, a ɗauraye, a busar da shi ƙaƙas kafin a zuba mai. Tankin da aka bari da danshi zai sake tsatsa cikin kwana kaɗan.

Sai ɗabi'ar hawa da ɗan mai. Famfon da ke cikin tanki fetur ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke sa masa santsi, domin ta cikin motarsa man ke bi. Wanda kullum fitilar mai na kunne, famfonsa na zuƙar iska a kowace kwana da kowane birki. Ka riƙe tanki sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Ajiye babur watanni da mai a ciki shi ma illa ne: fetur na tsufa ya zama danƙo, wanda aka gauraya da itanol kuma yana jan danshi daga iska, ruwan ya kwanta a ƙasa, daidai inda bakin famfo yake. Idan za a daɗe ba a hau ba, a cika tanki a zuba maganin hana mai tsufa, ko a zuƙe man duka.

Ka auna cajin babur ɗin ma. Inji na aiki, a ɗan ɗaga totur, batir ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka famfo na aiki da yunwa, sama da 15 kuwa wuta na dafa shi tare da sauran kayan lantarki. Dubi bakin soket: idan robar ta narke ko ƙarfen ya yi baƙi, a canza shi, kada a cusa sabon famfo a tsohon soket da ya ƙone.

Wajen ɗaurawa, sabon famfo da sabuwar matata suke tafiya, kada a mayar da tsohuwa. Tiyon da zai zauna a cikin mai na musamman ne, mai lamba SAE J30R10 a jikinsa. Tiyon mai na waje cikinsa kawai ke jure fetur, idan aka nutsar da shi bayansa zai kumbura ya narke, ɓarɓashinsa ya koma matata. A kula da wayar ƙari da ta ragi, domin idan aka juya su famfo zai yi ƙara amma baya zai riƙa juyawa. Kada a gwada shi a bushe fiye da sakan ɗaya ko biyu. Gasket ɗin da ke tsakanin famfo da tanki a sa sabo, a ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, har su zauna daidai da ƙarfin da littafi ya faɗa. Ƙanana ne, ɗaurin ƙarfi na karya su ko ya lanƙwasa farantin ya fara yoyo.

Bayan an gama, zuba mai aƙalla lita 3 ko 4 don bakin famfo ya nutse. Murɗa makulli ka kashe sau uku ko huɗu ba tare da danna sitata ba, layi ya cika, sannan ka bi kowace mahaɗa da busasshen yatsa ko farar takarda. Idan geji na jone, kashe makulli ka zuba wa allura ido na minti 5 zuwa 10. Ta sauka a hankali, ba komai. Ta faɗo ƙasa cikin 'yan sakan, to bawul ɗin hana mai komawa baya, ko na'urar daidaita matsi, ko wata injekta na zubarwa, kuma shi ne dalilin da babur kan daɗe yana juyawa da safe kafin ya kama.